Yara Talatin da Ɗaya

Shekara uku Zulkifli da abokan aikinsa suna rubuta wa gwamnati takarda suna neman kuɗin shirya taro, shekara uku ana ce musu an gani, ana dubawa. A ta huɗu, bayan kowa ya fitar da rai, sai ga amsa cewa an amince. Za a yi taron masana na kwana biyu a Parakou, kan yadda ake tattara bayanan lafiya a zuba wa kwamfuta ta tace, ta nuna inda ciwo ya yi yawa da inda yake shirin ɓullowa. Za a zo daga Cotonou, za a zo daga Yamai da Lome, har da wani farfesa daga Dakar wanda mutanen ofis ke ambaton sunansa cikin ladabi ko da ba ya wurin.

Zulkifli ɗan unguwar Ganou ne, jikan fataken goro da suka sauka a Parakou tun zamanin da, suka ga wuri ya yi musu suka kwance kaya. Shi bai gaji goro ba. Lissafi ya karanta, ya samu aiki a wata cibiyar bincike kan lafiya, inda yake wuni gaban kwamfuta. A unguwa Dokta ake ce masa, duk da ko allura bai taɓa yi wa kowa ba. Irin mutanen nan ne da in ka ce musu yau ana zafi, sai su tambaye ka digiri nawa.

Abin da ya gano ne ya sa aka saki kuɗin taron, ko da yake ba wanda ya fito ya faɗi haka. Littattafai biyu ya haɗa. Ɗaya na haihuwa ne daga asibitocin garin Djougou, ɗayan kuma na ƙidayar da aka yi bara gida-gida a unguwannin Ganou da Kpébié, inda ɗalibai suka riƙa tambayar kowace mace yara nawa gare ta. Da ya gwama su, sai ga yara talatin da ɗaya sun yi ɓatan dabo. An haife su a Djougou, iyayensu Hausawa ne mazauna Parakou, dukkansu haihuwar fari ce, amma bayan shekara biyu babu su a gidajen iyayensu, babu su a layin riga-kafi. Kwamfuta ba ta yi wata-wata ba, ta jera su a gefen waɗanda ake zaton sun rasu.

Ranar da ya ga wannan adadi abinci bai shiga cikinsa ba. Da yaran wata ƙasa ne da ya yi jimami ya wuce, amma waɗannan 'ya'yan unguwarsu ne, watakila ya ci tuwon sunan wasunsu. Ya yi ta tambayar kansa yadda aka yi yara talatin da ɗaya suka mutu a ƙarƙashin hancinsa bai ji ba. Sai ya tuna cewa jana'izar jariri ba ta tara mutane, shi kuma kullum yana ofis. Abin ya zauna masa a ƙirji, ya rame har uwarsa ta fara zargin ko wata ce ta ƙi shi.

Kuɗin gwamnati kuwa da sharaɗinsa ya zo. Madam Mariatou, wadda ma'aikata ta turo ta kula da shirin, ta ce duk adadin da za a faɗa gaban manya sai an je an gan shi ido da ido, musamman ma nasa, tunda shi ne zai buɗe taro. Zulkifli ya ji haushi, ya ce kwamfuta ba ta ƙarya. Ta ce ita ma ba ta ce tana yi ba, amma dai ya je. Ranar Alhamis ne taro. Ranar Litinin aka miƙa masa ambulan mai ɗauke da sunayen yaran da na iyayensu da kwatancen gidaje, abin da shi kansa bai taɓa gani ba, domin a cikin kwamfuta kowane yaro lamba ce kawai.

Ya fara da wani gida a nan Ganou. Matar ta ce yaranta biyu, ga su nan suna wasa a gabanta. Da ya karanto sunan na ukun daga takarda, sai ta ja mayafi ta rufe baki, ta juya ta shige ɗaki, ba ta sake fitowa ba. A gida na biyu ma haka aka yi, sai dai ita wannan ta ƙara da rufe ƙofa. Duk wata tsohuwa a Ganou da ta ga abin da ya faru da ta gaya masa dalili kafin ya kai bakin titi. Amma Zulkifli bai tambayi tsohuwa ba. Ya rubuta a takardarsa cewa uwa ta kasa magana saboda baƙin ciki, ya tari babur ya nufi Kpébié.

Gida na uku na Abdulbaƙi ne, dillalin shanu, wanda ya yi arewa cin kasuwa fiye da mako guda ke nan. Gidan haya ne, kuma da tsakar rana, duk maƙwabta sun fita. Matarsa Rabi'a ce ta amsa sallama, ta zo bakin zaure cikin hijabi da jariri a baya. Suka gaisa, ya nuna mata takarda mai hatimin gwamnati, ya tambaye ta yara nawa gare ta. Ta ɗan karkata kai wajen goyonta ta ce ɗaya.

"Memuna fa," in ji shi a hankali, "wadda aka haifa a Djougou?"

Rabi'a ta sunkuyar da kai, ta kafa wa yatsun ƙafarta ido. Tausayi ya kama Zulkifli. A gidajen farko ya daure bai ce komai ba, amma a nan ya ga rashin ɗa'a ne mutum ya zo gidan da aka yi rashi ya tafi baki alaikum.

"Allah ya jiƙanta," ya ce. "Allah ya sa mai ceto ce, ya ba ku haƙuri."

Ta ɗago ta dube shi, karo na farko tun zuwansa. Ta kama gefen ƙofa da hannu biyu ta riƙe. Ya jira ko za ta ce amin, ba ta ce ba, sai ya yi sallama ya tafi yana jin ya sauke wani nauyi na zumunci.

Washegari da sassafe ya shiga motar Djougou, mutum tara a mazaunin mutum biyar, gwiwarsa a haƙarƙarin wani mai kaji. Yana so ya duba littattafan asibiti ko zai gano ciwon da ke ɗauke 'ya'yan fari. An ce masa in ya isa ya nemi Hamsatou, unguwar zoma ce da ta shekara talatin tana karɓar haihuwa, rabin mutanen unguwar Zango a hannunta suka fara kuka. Ya same ta a barandar ɗakin haihuwa tana karyawa da koko, doguwar mace mai furfura, wadda ba ta tashi wa kowa sai mai naƙuda.

Ya yi mata bayani da Faransanci, ta amsa masa da Hausa. Ta sa tabarau ta karɓi takardar, ta fara bin sunayen da yatsa. Tana zuwa na huɗu ta tsaya.

"Wanga ka ce ya mutu? To gawa tai ta wuce nan ɗazun bisa keken kakanai, tana cin ƙosai."

Ta ci gaba da karantawa, kafaɗunta suna rawa, har dariyar ta ci ƙarfinta ta ajiye kofi. Sai da ta share hawaye sannan ta zaunar da shi ta karanta masa abin da kowa ya sani. Mace in cikin fari ya tsufa gidan iyayenta take komawa ta haihu, ta yi wankan jego, kuma yawancin matan Ganou da Kpébié daga Djougou aka auro su. In an yaye yaro kaka ce ke ɗauka, kuma kaka in ta ɗauka ba ta cika mayarwa ba. Uwa kuwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta lissafa shi cikin 'ya'yanta, ba ta nuna ta san da zamansa a gaban mutane, saboda kunya. Ɗaliban da aka tura ƙidaya ba Hausawa ba ne, abin da aka gaya musu shi suka rubuta. Yawancin yaransa talatin da ɗaya suna nan Djougou suna ɓata wa kakanninsu tabarmi.

Abin haushin shi ne Zulkifli ya san wannan sarai. Shi auta ne, uwarsa takan kira sunansa sau arba'in kafin azahar, shi ya sa bai taɓa jin zafin al'adar a jikinsa ba. Amma yayarsa Zinariya a hannun kaka ta tashi, kuma har yau da take da 'ya'ya huɗu uwarsu ba ta ce mata komai sai "ta gidan tsohuwa". Ya sani kamar yadda ya san hanyar masallaci, sai dai kullum a ƙofar ofis yake ajiye sanin ya shiga.

Wani sanyi ya sauko masa tun daga kai har tafin ƙafa. Wata uku yana ɗauke da gawar yara a ransa, ashe suna can suna cin ƙosai. Ya yi dariya shi ma, ya yi hamdala, ya fara ba Hamsatou labarin yadda matan suka riƙa gudunsa jiya. Yana cikin labarin ya iso kan Rabi'a, sai muryarsa ta fara raguwa da kanta. Ya dai ƙarasa, don ya riga ya fara.

Hamsatou ta cire tabarau. Babu sauran dariya a fuskarta.

"Mi ka ce mata?"

Ya maimaita.

"Dokta, ka tahi gidan mace da takardar gwamnati a hannu, mijinta ba shi nan, ka yi mata gaisuwar mutuwar ɗiyar da ba ta gani ba wata da watanni. Ita za ta zaci labari ne ya iso gare ku bai iso gare ta ba. Kuma wa za ta tambaya? Ko kuka ba ta da halin yi gaban mutane."

Ta jawo wayarta ta kira lambar Saratu, uwar Rabi'a, wadda yarinyar ke hannunta. A kashe. Ta sake kira, a kashe. Rabi'a kuwa ba ta da waya, guda ce a gidan kuma tana aljihun mijin. Daga nan Hamsatou ta gaya masa abin da ya fi damunta. Mako uku da suka wuce Saratu ta kawo Memuna da zazzaɓi mai zafi, har tana sanƙarewa. An yi mata allura an ba da magani, an ce su dawo bayan kwana bakwai a sake dubawa. Ba su dawo ba, kuma tun ranar ba ta sake jin ɗuriyarsu ba.

Ta bar wa mataimakiyarta aiki, ta yafa gyale suka fita. A hanyar gidan Saratu ta riƙa nuna masa yara da haɓa. Wancan mai gudu ba wando shi ne na bakwai a takardarsa. Waccan da ke kuka a gindin famfo ita ce ta goma sha biyu. A wani gida wata kaka ta fito da tagwaye tana ƙorafin sun cinye mata kuɗin goro, su ne na ashirin da na ashirin da ɗaya. Zulkifli yana sa musu alama da biro, amma daɗin da ya ji ɗazu ya ƙi dawowa. Duk yaron da ya gani sai ya ji kamar an ƙara masa nauyin wadda bai gani ba. Akwai kuma biyu da Hamsatou ta ce ya bar su yadda kwamfuta ta sa su, don ita da kanta ta je gaisuwar rasuwarsu.

Gidan Saratu da kwado suka same shi. Wata maƙwabciya ta ce ai tsohuwa ta tafi gona can bayan ƙauyen Bariénou tsintar kashu, wato yazawa, yau kwana goma sha takwas. Hamsatou ta tambaya ko da yarinyar ta tafi. Matar ta ce da ita ta tafi, a goye, amma fa jikin ba daɗi a lokacin, har an ce mata ta bari ta ƙara samun sauƙi ta ƙi. Tun da suka tafi ba wanda ya zo daga can.

Babura biyu suka ɗauka. Bayan Bariénou suka bar babbar hanya suka kama ta jar ƙasa, daga ita suka kama wata siririya da ciyawa ke dukan gwiwa. Rana ta take, gumi ya manne masa riga a baya. Zulkifli bai taɓa yin addu'a a kan babur ba sai ranar. Bai roƙi komai game da taro ba, bai ma tuna da farfesan Dakar ba. Abin da yake ta nanatawa shi ne kada Allah ya sa bakinsa ya zama gaskiya, domin in yarinyar nan ta mutu, bai san da wace fuska zai sake bin titin Kpébié ba.

Suka sauka a bakin wata gonar kashu, wari mai zaƙi na 'ya'yan da suka faɗi suka ruɓe ya cika wurin. Mata huɗu suna sunkuye suna tsinta. Ɗaya ta miƙe tana dafe da ƙugu, gajeriyar tsohuwa baƙa mai tsagar gado a kunci, Hamsatou ta ce ita ce Saratu. Zulkifli ya duba bayanta, babu goyo. Ya duba bukkar da ke gefe, ya duba inuwar da aka ajiye kwanuka, bai ga yaro ko ɗaya ba.

Sai aka shiga gaisuwa. Ina gajiya, ina aiki, ina zafi, ina mutanen gari, ya aka ji da hanya. Saratu ta tambayi lafiyar mijin Hamsatou, da ƙafarsa da ke ciwo, da ɗansu da ke Cotonou. Da ta ji Zulkifli ɗan Ganou ne sai ta tambayi gidansu, ta gano ta san kakarsa, aka buɗe wani sabon babin gaisuwa. Shi dai yana amsa lafiya lau, lafiya lau. Hamsatou ba ta yi gaggawa ba, don ba a faɗa wa mutum da irin wannan tambaya. Sai da aka kawo ruwa suka sha, sannan ta ce, kamar abin bai dame ta ba, ina mutuniyarta mai zazzaɓi, da aka ce a dawo da ita aka ƙi.

Saratu ta yi tsaki ta ce ai wannan ta fi ƙarfinta. Ta juya wajen wata babbar bishiyar kashu da rassanta suka sauko har ƙasa ta ɗaga murya.

"Ke ƙawata, hito ki ga baƙi."

Ganye ya motsa. Wata 'yar yarinya ta rarrafo daga ƙarƙashi ta miƙe, kanta a aske, wuyanta siriri irin na wanda ya tashi daga ciwo, hannuwanta biyu riƙe da ɗan kashu ja, ruwansa yana bin gwiwar hannunta har riga. Ta dubi Hamsatou, ta gane mai allura ce, ta koma da gudu ta ɓuya bayan zanen kakarta.

Zulkifli ya zauna daɓas a ƙasa cikin ruɓaɓɓun 'ya'yan kashu, da wandonsa na ofis, ya rufe fuska da tafin hannu. Bai yi niyyar kuka ba, amma kukan bai nemi izininsa ba. Matan suka daina tsinta suna kallonsa. Saratu ta tambayi Hamsatou a hankali ko yaron nan yana da lafiya.

Hamsatou ta ba ta labari tun daga farko, ba ta rage masa komai ba. Tsohuwa ta saurara har ƙarshe ba ta katse ta ba. Zulkifli ya jira zagi, ya ma fi son a zage shi, amma Saratu ba ta ko dube shi ba. Ta ce ta san 'yarta. Rabi'a ba za ta gaya wa kowa ba, za ta yi shara ta yi girki ta gaida maƙwabta, abin yana cinta a ciki. Zulkifli ya fito da waya ya ce bari ya ɗauki hoton yarinyar, yanzu-yanzu zai koma Parakou ya nuna mata. Saratu ta ce bakin da ya ce ta mutu jiya, in ya dawo yau ya ce tana da rai, wanne za a kama? Ta kwance ɗankwali ta sake ɗaurawa, ta bar wa matan amanar buhunanta, ta ce 'yarta ba za ta sake kwana da wannan abu ba.

Kafin la'asar suna cikin motar Parakou. Hamsatou ta raka su tasha ta koma bakin aiki, bayan ta ja wa Zulkifli kunne cewa nan gaba in kwamfutarsa ta kashe wani, ya fara zuwa ya tambaye ta. Da suka fito inda waya ke kamawa ya kira Madam Mariatou ya gaya mata cewa babban abin da ya gano, wanda aka gayyato mutane daga ƙasashe huɗu su ji, ba gaskiya ba ne. Ta tambaye shi yara nawa ya gani da idonsa. Ya ce goma sha huɗu, unguwar zoma ta tsaya wa wasu goma sha biyu, biyu sun rasu da gaske, uku sai an bincika. Ya ji ta sauke numfashi ta ce alhamdu lillahi. Ta ce har yanzu shi ne zai buɗe taro, ya zo ya faɗi yadda aka yi lissafi ya yi daidai amsa ta fito karkatacciya, don ai saboda irin wannan aka tara masanan. Ta ƙara da cewa za a tura mota a ɗauko unguwar zomar nan, a sa mata kujera a gaba.

Da makon jiya ne aka ce masa zai tsaya gaban farfesan Dakar ya ce ya yi kuskure, da zazzaɓi ya kama shi. Yanzu ya laluba ransa bai sami tsoron ba. Memuna ta yi barci, rabin jikinta a cinyar kakarta, rabi a tasa, yawunta yana jiƙa masa wando, shi kuma ya ƙi motsa ƙafar duk da ta sage tun wajen rabin hanya.

Rana ta yi ja lokacin da suka isa Kpébié. Maƙwabta sun dawo, tsakar gidan cike da hayaƙi da ƙarar turmi. Saratu ta yi sallama ta shiga riƙe da hannun yarinyar, ta ce wa Zulkifli ya biyo ta, ai tare suke. Ya tsaya daga bakin zaure. Rabi'a tana durƙushe gaban murhu tana fifita wuta, da jaririn a baya. A kwana ɗaya fuskarta ta faɗa, idanunta sun shige ciki.

Ta juyo. Maficin ya tsaya a hannunta. Ta dubi uwarta, idonta ya sauka ƙasa kaɗan, sau ɗaya, ya koma kan uwarta.

Ta miƙe ta shimfiɗa tabarma. Ta durƙusa ta gaida uwarta, ta tambayi hanya, ta tambayi gona da mutanen gida. Ta gaida Zulkifli ta ce Malam sannu da zuwa, kamar jiya bai zo ba. Ta ɗebo ruwa a kwanon sha ta kawo. Maƙwabta suka zo gaida tsohuwa, suna ja wa Memuna kunci suna cewa ta girma, Rabi'a ba ta ko kalli wajen ba. Saratu ta ce ta zo ganin likitan ido ne, ta ce bari ta biyo ta kwana biyu. Kowa ya ce Allah ya sawwaƙe.

Sai da matan suka koma kan girkinsu sannan Rabi'a ta yi magana, idonta a kan tabarma.

"Inna, wagga da kika taho da ita, ƙahwahunta duk ƙasa. Za ta ɓata miki shimhiɗa."

"To wanke mata," in ji Saratu, tana ɓare goro.

Rabi'a ta ɗauki buta. Ta kama yarinyar a tsintsiyar hannu, irin kamun da ake yi wa ɗan maƙwabta, ta ja ta suka zaga bayan ɗaki inda aka kafa zana. Aka ji zubar ruwa kaɗan, ya tsaya. Daga nan sai wani sauti ya taso daga bayan zanar, ƙasa-ƙasa, na wanda ya cusa fuska a jikin wani don kada a ji, da muryar yarinya tana cewa an matse ta.

Mai daka ta ƙara wa taɓaryarta ƙarfi. Wata ta kunna rediyo. Saratu ta miƙa wa Zulkifli ɓarin goro, idanunta sun cika taf, ta ɗaga murya yadda duk gidan zai ji.

"To Dokta, zamna ka ba ni labarin na'urar nan taku. Ka faro tun daga farko, kada ka yi sauri."